Saƙar Gizo a Bayan Talabijin: Yadda Iyali Za Su Kintsa Wayoyin Falo da Kuɗi Kaɗan



A jajibirin ƙaramar Sallar da ta gabata mun kai ziyara gidan wani ɗan'uwanmu a Maradi. Falo ya sha shara, an sauya labule, an shimfiɗa sabuwar darduma, yara kuwa sun jeru gaban talabijin suna jiran sanarwar ganin wata. Muna cikin gaisawa sai uwargida ta ɗaga kai ta ce tana jin ƙaurin roba. Aka leƙa madafa, ba a ga kome ba. Aka duba tsakar gida, nan ma lafiya lau. Sai da maigida ya janye teburin talabijin daga jikin bango sa'an nan muka ga inda ƙaurin yake fitowa. Ashe babbar ɗiyar gidan ce ta rasa inda za ta jona dutsen guga domin goge kayan Sallar ƙannenta, sai ta cusa shi a ralonj ɗin da ke ɗauke da talabijin da dekodar da fanka da sharjar salula har guda uku. Robar ralonj ta narke ta soma manne wa darduma, ga kuma autan gidan mai rarrafe bai fi taku biyu da wurin ba.

Allah ya kiyaye, ba a yi gobara ba. Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda maigida ya durƙusa yana lalube cikin wayoyi, ya rasa wadda zai cire, domin dukkansu baƙaƙe ne, sun harɗe da juna, ƙura ta lulluɓe su. Daga ƙarshe sai da ya ruga waje ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Tun daga ranar muka riƙa leƙa bayan talabijin a gidajen ƴan'uwa da abokan arziki, da izininsu, muka kuwa iske cewa gidan da ba shi da irin wannan saƙar gizo ɗaiɗai ne. Namu gidan ma bai tsira ba.

Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu tattauna wannan batu a filin iyali na wannan fitowa. Abin da muka fahimta shi ne, maganin cukurkuɗewar wayoyi yana farawa ne da ragewa, sa'an nan rarrabewa, sa'an nan ɗaurewa. Kuɗi kuwa wuri ɗaya tak ya cancanci a kashe su, kuma za mu faɗi wurin.

Yadda wayoyin suka taru

Babu maigidan da ya tashi da niyyar tara wayoyi a falonsa. Taruwa suka yi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda tarkace ke taruwa a ɗakin ajiya. Iyayenmu sun fara da rediyo mai kasat, wayarsa ɗaya. Talabijin ya zo da wayar wuta da wayar eriya. Bidiyo ya biyo baya, ya zo da wayarsa da kuma wadda ke haɗa shi da talabijin. Waɗanda kayansu suka fito daga Faransa sun san wannan ƙatuwar waya mai faffaɗan kai da ake kira Péritel, mai haƙora 21, wadda hukumomin Faransa suka wajabta sanya ƙofarta a jikin talabijin a 1980. Waɗanda suka sayo nasu daga Kano ko Katsina kuwa sun fi sabawa da wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti.

Bayan haka sai ga na'urar faifan CD da DVD, sai parabol da dekodarsa, a wasu gidajen ma dekodar biyu, ɗaya ta tashoshin biya, ɗaya ta tashoshin kyauta. Sai lasifika, sai na'urar wasan yara, sai akwatin intanet, sai sharjar salular kowa da kowa. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, ɗaukewar wuta ta tsananta a Yamai da Maradi da Damagaram, gidaje da dama suka nemi farantin hasken rana da batir. Ko da yake an maido da wutar a 2024, kayan sun zauna a falo, su ma da nasu wayoyin.

Matsalar ita ce, sabon abu yana shigowa amma tsoho ba ya fita. Bidiyon da ya shekara goma bai yi aiki ba yana nan ƙarƙashin dekodar, wayarsa tana jone. Mafi yawan falukanmu kuwa priz ɗaya ko biyu magini ya sa musu, saboda haka duk wannan kaya a kan ƙofa ɗaya yake rataye.

Inda haɗarin yake

Akwai ɗan lissafi da ya kamata kowane maigida da uwargida su sani, ba shi da wuya. Wutar gidajenmu ƙarfin volt 220 gare ta. Priz ɗin bango mai kyau, irin na tsarin Faransa, an yi shi ne ya ɗauki ampa 16. Idan aka ninka 220 sau 16, za a sami wat 3,520, watau iyakar nauyin da zai iya ɗauka ke nan. Amma ralonj mai siririyar waya, wadda kaurin jan ƙarfenta bai wuce murabba'in milimita 0.75 ba, ampa 6 ce iyakarsa, watau kimanin wat 1,300.

Kayan kallo ba su da cin wuta sosai. Talabijin na zamani mai faɗin inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 60, dekodar ba ta cika wuce wat 20 ba, fankar tsaye tana tsakanin 50 da 75. Ko an haɗa su duka ba su kai wat 300 ba. Masu cin wuta su ne kayan da ke yin zafi: dutsen guga yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, tukunyar dafa ruwa ta lantarki takan kai 2,000. Ke nan dutsen guga shi kaɗai ya isa ya fi ƙarfin ƙaramin ralonj. Abin da ya faru a gidan ɗan'uwanmu ke nan. Yarinyar ba ta yi ganganci ba, ƙofa ta gani a buɗe ta jona, babu kuma wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙofofin ba ɗaya suke ba.

Haɗari na biyu daga kawunan wayoyi yake zuwa. Kasuwanninmu, musamman na garuruwan kan iyaka, suna cike da kaya iri biyu: masu kai mai haƙora biyu zagayayyu na tsarin Faransa, da masu haƙora uku masu kusurwa na tsarin Ingila da ke shigowa ta Najeriya. Da kai ya ƙi shiga ƙofa sai a nemi adaptar, wani lokaci a ɗora adaptar a kan adaptar, ko a sa tsinke a buɗe ƙofar a danna da ƙarfi. Mafi muni shi ne a yanke kan gaba ɗaya, a cusa tsirarar waya a tokare ta da ashana. Duk inda haɗi ya yi sako-sako, wuta tana yin tartsatsi a wurin, wurin ya yi zafi, roba ta ƙone a hankali har ranar da za ta kama.

Na uku shi ne abin da ido ba ya gani. Tulin wayoyi a ƙasa yana tara ƙurar hunturu da zaren darduma, tsintsiya kuma ba ta iya shiga. Wurin yana da ɗumi da duhu, saboda haka kyankyaso da ɓera suke mai da shi gida, ɓera kuwa gwanin gurgurar waya ne. A wasu unguwannin har kunama akan samu. Wayar da aka bi da ita ƙarƙashin darduma ko leda ana taka ta dare da rana, ƙafar kujera tana danne ta, rigarta tana tsagewa babu wanda ya sani.

Mataki na farko: ragewa

A zaɓi rana mai haske, kamar safiyar ranar hutu, domin a yi aikin da hasken rana. Kafin a taɓa kome, a ɗauki hoton bayan talabijin da bayan dekodar da salula, saboda kada a manta inda kowace waya take shiga. Sa'an nan a kashe kayan, a zare babbar waya daga bango, a tabbata hannu a bushe yake. A cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a warware su, a goge kowace da busasshen tsumma, a shimfiɗa su a kan tabarma.

A nan ne za a yi wa kowace waya tambaya biyu: ta wace na'ura ce, kuma yaushe rabon da a kunna na'urar? Da muka yi wannan a gidanmu mun ƙirga wayoyi goma sha bakwai. Shida daga ciki ba su haɗe da kome, akwai sharjar wata salula da ta ɓata tun shekaru uku, akwai wayar eriyar da iska ta karya tuntuni. Kafin mu kashe ko dala ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na tulin ya tafi.

Bayan haka a duba ko waya ɗaya za ta iya yin aikin uku. Wayar HDMI, wadda aka fitar da tsarinta a ƙarshen 2002, tana ɗaukar hoto da sauti a tare cikin ƙaramin kai mai haƙora 19. Idan talabijin da dekodar duk suna da ƙofarta, to mai kai uku da Péritel sun gama aikinsu. Ba sai an sayi mai tsada ba. A gajeren zango kamar mita ɗaya ko biyu, mai araha da ke aiki lafiya tana ba da hoto daidai da na mai tsada. Wanda yake da lasifikar zamani ya duba ko an rubuta ARC a gefen ɗaya daga ƙofofin HDMI na talabijin ɗinsa. Wannan tsari ne da aka ƙaro a 2009, wanda ke mai da sautin talabijin zuwa lasifika ta cikin wayar nan guda, matuƙar lasifikar ma tana da irin ƙofar. Haka nan mafi yawan talabijin da dekodar na yanzu suna da ƙofar USB, saboda haka wanda ya zuba karatu da wa'azi da fina-finansa a ƙaramin kile ba ya bukatar na'urar faifai a kan tebur.

Cajin salula kuma a raba shi da kayan kallo baki ɗaya. A keɓe masa wani lungu da ɗan kwando ko faranti, nesa da hannun yara. Rabin ja-in-jar da ake yi da wayoyin talabijin daga masu neman ƙofar caji take fitowa.

Duk wayar da aka ga ta tsage, ko ta bushe tana karyewa, ko kanta ya yi baƙi, ta fita daga gida. Naɗe ta da leda ba gyara ba ne. Kada kuma a bar yara su ƙona ta don ciro jan ƙarfe, hayaƙin robar guba ne. A ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda ke kai kayansu kasuwar Katako a Yamai.

Mataki na biyu: inda ya kamata a kashe kuɗi

Idan iyali suna da ɗan abin da suka ware domin wannan aiki, to a zuba mafi yawansa a kan ralonj ɗaya mai nagarta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a harkar wuta kuwa araha takan ci gida. Ga abin da mai saye zai duba.

Ya karanta rubutun da ke jikin wayar kanta. Idan ya ga 3G1.5, ma'anarsa igiya uku ce a ciki, har da ta ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, kowace kaurinta murabba'in milimita ɗaya da rabi. Ya juya bayan ralonj ya ga iyakar nauyin da aka rubuta, mai kyau yakan nuna ampa 16 ko wat 3,500. Da yake jabun kaya ma sun iya rubutu, ya ɗaga ya ji nauyinsa a hannu, domin jan ƙarfe na gaskiya yana da nauyi, wanda aka yi da alminiyam aka shafa masa launi kuwa sakayau yake. Ya gwada cusa kan waya a gaban mai kanti: ya shiga da ɗan ƙarfi, ya zauna daram ba ya girgiza. Ya zaɓi mai maɓallin kashewa, mai ƙofofi da ke rufe kansu idan babu kome a ciki, saboda yatsun yara.

A ƙirga kayan da suka rage bayan ragewa, a sayi mai ƙofofin da suka ishe su. Tsawon wayar ya zama daidai da nisan bango, domin rarar mita uku ita ce ke komawa tuli. Ralonj a kan ralonj kuwa a bar shi har abada. Game da kawunan da ba su dace da ƙofa ba, maimakon tara adaptar, a kai wa mai gyaran lantarki ya sauya kan da wanda ya dace. Aikin ƴan mintoci ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Maɓallin nan yana da amfani biyu. Idan aka ɗauke wuta, dannawa ɗaya ta raba dukkan kayan da layi, ta yadda in wutar ta dawo da ƙarfi ba za ta same su ba. Sa'an nan yana rage kuɗin wuta. Na'urar da ke cin wat 10 tana zaune ba a kallonta, a wata guda ta cinye fiye da kilowat-awa 7, kuma masu sayen wuta da kati sun san abin da wannan ke nufi. Wanda unguwarsu wuta ke yawan hawa da sauka, idan yana da regilatar, sai tsarin ya zama daga bango zuwa regilatar, daga regilatar zuwa ralonj, daga nan zuwa kayan kallo kaɗai. Dutsen guga, firigo da tukunyar ruwa kowanne ya nemi priz ɗin bango nasa.

Mataki na uku: ɗagawa, rarrabewa da ɗaurewa

Ƙa'idar da ta fi kowace sauƙi ita ce kada waya ta kwanta a ƙasa. Yawancin ralonj suna da huda biyu a bayansu domin ratayewa. A kafa ƙusa biyu masu kai a bayan teburin talabijin ko a gefensa, a rataye shi a tsaye. Da zarar ya bar ƙasa, ruwan goge ɗaki ba ya isa gare shi, ƙura ba ta cika ƙofofinsa, mai rarrafe ba ya kai hannu, tsintsiya kuma ta sami hanya. Idan teburin rufaffe ne ta baya, kafinta zai huda ƙofa biyu da kuɗi kaɗan.

Me ya sa biyu? Domin wayoyin wuta su bi gefe ɗaya, wayoyin hoto da sauti su bi ɗaya gefen. Idan wayar lasifika ko mai kai uku ta daɗe tana tafiya manne da wayar wuta, takan ɗauko gurnani cikin sauti. Inda ya zama dole su haɗu, su gitta juna kawai su wuce.

Abin ɗauri kuwa yana nan cikin gida. Ƙyallen da tela ke zubarwa, idan aka yanka shi tsawon taƙi guda, ya isa. Tsohon tib na keke, a yanka shi zobe-zobe, yana riƙe wayoyi da kyau. Akwai kuma maɗaurin nan mai mannewa na jikin takalman yara da jakar makaranta, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan ɗinki da mita. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna George de Mestral ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya lura a 1941 da yadda ƴaƴan wata ciyawa mai kama da ƙarangiyarmu ke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa. Shi ya fi dacewa da falo, domin ana kwancewa a sake ɗaurewa. Siririn maɗaurin roba mai haƙora, wanda aka fara yi a Amurka a 1958 domin wayoyin jiragen sama, yana da ƙarfi kuma yana da araha, amma in ya kama sai almakashi, saboda haka a bar shi ga wayoyin da ba a motsa su. Kada a ɗaure da wayar ƙarfe, kada kuma a tsananta ɗauri har ya shiga jikin roba. A bar sararin da ɗan yatsa zai iya shiga.

Rarar waya a naɗe ta sako-sako, faɗin tafin hannu ko fiye, a rataye ta. Wayar da ke ɗauke da nauyi mai yawa ba a naɗe ta ko kaɗan, domin zafinta ba ya samun hanyar fita. Shi ya sa ake ganin lamba biyu a jikin ralonj mai gare-gare, ƙarama idan yana naɗe, babba idan an warware shi.

Daga nan sai suna. A yanki ɗan tef mai manne ko guntun kwali, a rubuta sunan kowace na'ura, a liƙa kusa da kan wayar. A gidan da ba kowa ke karatun boko ba, a rubuta da ajami, ko a yi amfani da launin ƙyalle: ja na talabijin, kore na dekodar, fari na fanka. Da ɗan'uwanmu na Maradi ya yi wannan tun farko, da bai durƙusa yana lalube ba alhali roba tana narkewa.

Wayar da ke bin bango

Inda waya za ta yi tafiya mai nisa, kamar daga taga zuwa tebur, ta bi gindin bango ko saman ƙofa, kada ta ratsa inda ake wucewa. Masu kayan lantarki suna sayar da ƙananan ƙusoshi masu ɗan baka na roba da ke rungume waya, suna kuma sayar da farin bututun roba mai murfi da ake kira gulot, yawanci tsawon mita biyu-biyu, wanda ake yankawa da ƙaramin zarto. A bangon siminti gulot ya fi kyau. A bangon laka kuwa ƙusa ba ta daɗewa, gara a kafa siririn katako tukuna a bi da wayar a kansa. Mai zaman haya ya nemi yardar mai gida kafin ya huda bango. Kada kuma a buga ƙusa daidai saman priz ko maɓallin fitila ko ƙasansu, domin ta nan wayoyin cikin bango suka saba bi.

Wayar parabol tana son lallashi. Ba a karya ta a kusurwa, lanƙwasa ta ake yi a hankali, domin in ta tokare hoto yakan riƙa yankewa. Dekodar tana tura wuta ta volt 13 ko 18 ta cikinta zuwa kan parabol, saboda haka a kashe dekodar kafin a kwance ko a ɗaura. A wajen ɗaki, kafin ta shiga huda, a bar ta ta ɗan yi ƙasa sa'an nan ta hau, domin ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya biyo ta zuwa cikin dekodar. Idan hadari ya taso da damina, a zare wayar wuta a kuma kwance ta parabol tun kafin a fara tsawa. Kashe maɓalli kaɗai ba ya tsare aradu.

Masu batir da farantin hasken rana su lura da abu ɗaya. Kayan da ke cin wat 100 a wutar volt 220 bai kai rabin ampa ba, amma a batir mai volt 12 ya haura ampa 8. Saboda haka wayar batir dole ta zama mai kauri, gajera, da fis kusa da kan batir. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka wurinsa inda iska ke ratsawa ne, nesa da tulin wayoyi da garwashin turare.

Yara, ƙura da sauran hattara

Yaro mai koyon tsayuwa duk abin da ya gani yana lilo sai ya kama. Idan wayar talabijin ce, talabijin ɗin yana iya biyo ta ya faɗo masa. A ɗaure bayan talabijin da bango ko da tebur da igiya mai ƙarfi, ko a kafa shi a bango idan bangon zai ɗauka. Su kuma manyan yara a zaunar da su a nuna musu ƙofar da aka yarda su taɓa da wadda aka hana, a gaya musu dalili.

Iyayenmu mata suna son rufe kaya da ƙyalle mai ado saboda ƙura, wannan kuwa ba laifi ba ne idan kayan a kashe suke. Amma dekodar da regilatar suna numfashi ta ƴan hudojin jikinsu, idan aka rufe su suna aiki, ko aka ɗora ɗaya kan ɗaya, zafi yana rage musu kwana. A bar musu sararin yatsu huɗu ta kowane gefe. Wanda yake son ɓoye ralonj cikin akwati, ya sa kafinta ya yi masa na katako mai hudoji. Kwali da leda ba su dace da wannan aiki ba.

Sau ɗaya a wata, musamman da hunturu da bazara, a kashe wuta a share bayan tebur da busasshen burushi. Bayan an yi kallo na awa ɗaya, a taɓa jikin ralonj da bayan hannu. Idan ya yi zafi, ko ana jin ƙara kamar ta soya, ko priz ɗin bango ya yi baƙi ko yana girgiza, wannan ya wuce aikin maigida, sai a kira wanda ya san aikin lantarki. Shi ne kuma zai duba ko gidan yana da wayar ƙasa, ya ƙara priz na biyu a falo idan hali ya yi, wanda shi ne magani mai ɗorewa.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa waya ta kama, kada a zuba ruwa. A kashe wutar gida daga babban maɓalli, a zuba rairayi, a fitar da yara, a kira ƴan kwana-kwana, lambarsu a Nijar ita ce 18. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, a kashe maɓalli ko a ture wayar da busasshiyar sanda. Ya kamata kowane babba a gida, mace da namiji, ya san inda wannan maɓalli yake, kuma kada a jingine kaya a gabansa.

Bayan Sallah da mako biyu mun koma gidan ɗan'uwan namu. Mun iske ralonj sabo rataye a bayan tebur, wayoyi bakwai kacal, kowace da ƙyallenta, an kuma sa wa dutsen guga priz nasa a baranda. Uwargida ta ce yanzu tsintsiyarta tana kaiwa har jikin bango. Tabon da robar ta bari a darduma yana nan, maigida ya ce ba zai sauya ta ba tukuna, domin duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labari.

Muna roƙon kowane mai karatu ya janye teburin talabijin ɗinsa a wannan mako ya duba abin da ke bayansa, ya kuma taimaka wa tsofaffi da maƙwabtan da ba za su iya yi da kansu ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da dukkan abin ƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.